Shebur Huɗu da Gyara

Shekara ashirin da tara Mai Kanwa ya yi a masana'antar narka ƙarfe, ashirin da biyu daga ciki kuwa a wuri ɗaya ya yi su a tsaye: wani dandamali mai faɗin taku shida a gefen bakin tukunya. Tukunyar ta ƙarfe ce, tsayinta ya kai na mutum biyu, tana cin tan arba'in na narkakken ƙarfe. An jere cikinta da bulo mai jure wuta, domin in babu bulon, abin da ke ciki zai huda ta kafin mutum ya gama salati.

Aikinsa ba shi da wuyar faɗa. In aka juye ƙarfe daga tanderu zuwa tukunya, datti kan taso ya kwanta a sama kamar kumfa, shi ake kira kashin ƙarfe. Sai a zuba masa farar ƙasa don ya tsotse farar wuta da sauran ƙazantar da ke sa ƙarfe ya riƙa tsagewa. Amma farar ƙasa taurin kai gare ta. Ba ta narkewa da wuri, sai ta dunƙule ta zauna a sama ba ta tsinana komai ba. Abin da ke sa ta saki jiki wani dutse ne mai suna fulosfa. A buhu yake zuwa, an farfasa shi kamar tsakuwa, wani kore, wani shuɗi mai ratsin ja, sai ka ce fasassun kwalabe. Injiniyoyi kaɗai ke kiransa da sunansa. Ma'aikata kanwa suke ce masa, tunda abin da kanwa ke yi wa wake shi yake yi wa farar ƙasa. Daga nan mutumin ya samo sunansa, har ta kai matarsa ma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa.

Ya shigo masana'antar yana da shekara ashirin da uku, da takardar aji uku na sakandare, aka sa shi tsince tagulla daga tarkacen ƙarfe a filin baya. Shekara bakwai yana wannan kafin a hau da shi dandamali. A can ya koyi abin da ya zama abin taƙamarsa, wato karanta sanda. Za ka tsoma doguwar sandar ƙarfe cikin kashin, ka zaro, ka duba abin da ya maƙale mata. In ya fito baƙi da kauri kamar laka, da sauran aiki. In ya fito siriri, ya huce ya yi fari ya fara marmashewa da kansa, ƙarfe ya tsarkaka. Ɗakin gwaji kan ɗauki minti goma sha biyu kafin ya aiko da sakamako. Mai Kanwa kan faɗi nasa tun sandar ba ta huce ba, kuma da wuya takarda ta ƙaryata shi. Aikin ya ci nasa rabon a jikinsa: kunnen hagu ya mutu, damatsansa duk ɗigon ƙuna, ga wani tari da ke tashinsa kowace safiya. Shi ma ya ci nasa. Ya aurar da 'ya'ya biyu, autarsa tana jami'a, kuma duk faɗin masana'antar in aka ce tukunyar Mai Kanwa, ana nufin wadda ba ta ɓata wa kowa lokaci.

Wanda ke jera bulon tukwanen Magini ake kiransa, ya girmi Mai Kanwa da shekara huɗu. Mutum ne mara yawan magana, gajere, da furfura a gemu. Kullum akwai ruwan zarto a aljihun rigarsa. In ya gama layi sai ya bi tsakanin bulo da bulo da shi, in ya shiga ko da wuri ɗaya ne, layin gaba ɗaya zai warware ya sake, ko da an tashi aiki. Tukunyarsa kan yi zubi arba'in da biyar kafin a sake mata wuya, wato layukan sama, daidai inda kashin ƙarfe ke kwanciya yana lasar bulo.

Shekara goma sha takwas su biyun suna cin abincin rana tare a ƙarƙashin matakalar dandamali, a kan katakon da ake ɗora bulo. Wasansu ɗaya ne kuma bai taɓa tsufa ba.

"Ni in gina, kai ka ci," Magini kan ce yana buɗe kwanonsa.

"In ban ci ba ai da tuni an sallame ka, Yaya. Ni ke nema maka aiki, ka riƙa godiya."

Wasa ne, amma da gaskiya a ƙarƙashinsa. Kanwar da ke narkar da farar ƙasa ba ta san inda farar ƙasa ta ƙare bulo ya fara ba. In ta yi yawa sai ta juya kan wuyan tukunya.

Shekara biyu da suka wuce aka kawo sabuwar injiniya, mace mai sanyin murya, sa'ar babban ɗansa. Ta hau dandamali da kanta, ta tsaya ta kalli zubi uku, sannan ta ce, "Baba, daga yau kilo arba'in a kowace tukunya. Shebur huɗu ke nan, a shafe, ba a tule ba."

"Ranki ya daɗe, huɗu ba zai motsa ta ba."

"Zai motsa ta. Minti takwas kawai za ka ƙara jira."

"To," ya ce.

Minti takwas ba komai ba ne ga wanda ke zaune. Amma a ƙasa akwai masu injin zubi, su goma, sun gama shiri suna jiran tukunya, kuma ba su iya jira da baki rufe ba. Wani ya yi fito, wani ya buga bututu da sifana. Wata guda Mai Kanwa ya daure. Ranar da wani daga cikinsu ya ɗaga murya ya ce, "Wayyo, tsufa ya kama Mai Kanwa, ku kawo masa kujera!" kowa ya bushe da dariya, washegari ya biya ta wurin ajiyar gawayi ya ɗauko wani shebur mai faɗin baki. Da shi ya ci gaba da aiki. Yakan tula shi har yana zuba, ya ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan ya ɗan ƙara wani a kai, irin wanda mai awo ke ƙara wa mai saye. Shi ma gyara yake ce masa. A ransa bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, huɗu dai huɗu ne. Kashin ƙarfe ya koma sakin jiki nan da nan, fito ya tsaya, sunansa ya dawo.

Mutum ɗaya ne ya gani, direban ƙugiyar da ke ɗaga tukwane, wanda ke wuni a wani ɗan ɗakin gilashi can ƙarƙashin rufi. Na Sama ake ce masa, magidanci mai tumbi da bakin da ba ya hutawa.

"Kanwa uwar gami!" ya ce wata rana a wurin wanke hannu. "Kawu, yau na ga gyaran ya fi awon yawa."

"Ka kula da ƙugiyarka, biri."

"Ni ban ga komai ba. Kawai dai daga sama ake ganin sanƙon kowa."

Tukwane suka fara gajarta. Daga arba'in da biyar suka dawo talatin da takwas, daga nan talatin da ɗaya. Abin ya dami Magini. Ya riƙa ɗaukar sabon bulo yana ƙwanƙwasawa da guduma yana saurare, yana tsaki. A wurin cin abinci sai ya ce, "Masu bulon nan sun fara ha'inci. Ba irin na da ba ne." Mai Kanwa kan gyaɗa kai da loma a baki ya ce, "Kayan yanzu ai duk haka suke." Yau da gobe har shi kansa ya kusa yarda.

A watan da aka kawo wata farar ƙasa mai tauri fiye da kullum, a watan 'yar Magini ta rasu. Ita kaɗai ce mace a 'ya'yansa, shekararta ashirin da shida, malamar makaranta ce. Ciwon kwana huɗu ta yi. Mai Kanwa ya je ya zauna kusa da abokinsa kwana uku a jere, bai ji ya ce komai ba sai "Na gode" ga duk wanda ya miƙo hannu. A kwana na takwas Magini ya dawo aiki. Aka ce ya ƙara hutawa, ya ce zaman gida ya fi aikin wuya. Ya sa hular kwano ya sauka cikin tukunya mai lamba uku, ya jere ta daga ƙasa har wuya cikin kwana biyu.

Ita wannan tukunya ce ta riƙa zuwa gaban Mai Kanwa a makonnin da sabuwar farar ƙasa ke gardama. Gyara ɗaya bai ishe ta ba, ya koma biyu, wani lokaci uku.

Ranar wata Talata da hantsi, a zubi na ashirin da uku, Na Sama ya hango wani jan tabo kamar tafin hannu a jikin tukunyar, ƙasa kaɗan da baki. Ya danna jiniya. Mai Kanwa bai ji ba sai da ya ga mutane na gudu, domin jiniyar ta gefen hagunsa take. Ya yar da sanda ya diro daga matakala. Na Sama ya saƙala ƙugiya ya ɗaga tukunyar, ya ja ta zuwa kan ramin da aka tanada don irin wannan rana, kuma kafin ta isa tabon ya buɗe. Ƙarfe ya tsinko fari tas, ya zubo a kan dandamalin da Mai Kanwa ya bari, ya shanye rabin matakalar. Ba wanda ya mutu. Ba wanda ya ko ƙone, in ban da tafin takalmin Mai Kanwa da ya narke. Aiki ya tsaya kwana uku.

Injiniya ta tara su uku a ofishinta, Magini da Mai Kanwa da Na Sama. Tun ba ta buɗe baki ba Magini ya miƙe, hularsa a hannu.

"Ni ne," ya ce. "Hankalina ba ya jikina lokacin da na jere ta. Kada a wahalar da kowa."

Ta ce ya zauna. Ta juya wurin Mai Kanwa. "Baba, nawa kake zubawa?"

"Huɗu."

"Huɗu?"

"Huɗu, ranki ya daɗe."

Ta dubi Na Sama. Na Sama ya ɗaga kai yana kallon fanka kamar yau ya fara ganinta.

Ba a yi wa Magini faɗa ba. Da tausayi aka yi komai, kuma shi ya fi ciwo. Aka ce ya koma ɗakin ajiyar kayan sawa ya ɗan huta, ya riƙa ba ma'aikata safar hannu da hula da tabarau. A ƙarshen wata, nan da kwana tara, za a sa hannu a takardar da za ta zaunar da shi can dindindin, a ɗauko maginan waje su riƙa jera tukwane. Ma'aikata suka riƙa girgiza kai suna cewa, "Allah sarki, mutuwar ɗa ba wasa ba." Mai Kanwa kuwa hannu ake miƙa masa ana yi masa barka da arziki. Kowane hannu ya karɓa.

Da aka koma aiki ya mayar da shebur mai faɗi inda ya ɗauko shi. Ya zuba huɗu a shafe, ya tsaya ya jira minti takwas, farar ƙasa ta narke. Ba wanda ya yi fito, kowa ya tsorata. Na Sama ne ya sauya. Ya daina kiransa uwar gami, ya daina tsokanarsa, in sun haɗu sai ya ce, "Sannu, Kawu," ya wuce. Mai Kanwa ya gwammace zagi da wannan sannun.

Kwana uku yana kauce wa ɗakin ajiya, amma ba a hawa dandamali da takalmin aro har abada. Ya je, ya sami Magini zaune bayan wani tebur, hannuwansa biyu a ƙarƙashin teburin. Magini ya tashi ya ɗauko masa takalmi daidai ƙafarsa ba tare da ya tambayi lamba ba. Ya ajiye a gabansa, bai saki ba.

"Ka yafe mini," ya ce. "Na kusa kashe ka. Shekara goma sha takwas muna cin abinci tare, na kusa mayar da 'ya'yanka marayu."

Mai Kanwa ya dubi takalmin. Maganar tana nan a maƙogwaronsa, ba ta fi kalma biyu ba. Abin da ya fito shi ne, "Haba Yaya, ba komai. Ya wuce."

"Allah ya saka da alheri."

"Amin," ya ce, ya ɗauki takalmin ya fita. A bakin ƙofa ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

An jefar da tukunya mai lamba uku a filin baya, a kwance a gefenta. Magini ya ƙi zuwa ya gan ta. Ranar Asabar bayan an tashi, rana ba ta faɗi ba, Mai Kanwa ya ari ruwan zarto a wurin masu gyaran inji ya sunkuya ya shiga. Wurin da ya ɓule ya narke, ba abin da za a karanta a nan. Amma sauran tukunyar tana nan. Ya san yadda mugun jeri yake: ƙarfe kan sami kafa ya kutsa tsakanin bulo, ya daskare a can kamar yatsu. Ya bi layi goma sha ɗaya da ruwan zarton, bulo bayan bulo, bai shiga ko'ina ba. A wuya kuwa, daidai inda kashin ƙarfe ke kwanciya, an ƙwaƙule bulon zagaye guda, sumul, kamar an bi shi da harshe. Ya daɗe a durƙushe a wurin.

Da safiyar Lahadi matarsa ta ajiye masa shayi, ta ga bai taɓa ba, ta janyo kujera ta zauna.

"Malam, kwana nawa ke nan kana tura mini abinci? In tsoron wutar ne bai sake ka ba, ka faɗa."

Ya gaya mata duka, har da shebur mai faɗi, har da takalmi. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ɗauki kofin ta juya shi a hannu.

"Ka ce masa amin?"

"Na ce."

"Mai Kanwa," ta ce, ta ajiye kofin. Can ta ce, "Wata goma sha huɗu ya rage maka ka ajiye aikin nan da mutuncinka. Auta ba ta gama ba. Na san duk wannan, kada ka ce ban sani ba. Ban ce ka je ba, ban ce kada ka je ba. Amma jibi na yi niyyar leƙa matarsa, yanzu ka gaya mini da wane ido zan dube ta."

Litinin ya je aiki bai faɗa ba. Talata ma haka. Ranar Laraba, saura kwana ɗaya a sa hannu, da aka buga ƙararrawar hutun rana, ya cire safar hannunsa ya nufi ɗakin ajiya. Ya tarar da Magini yana jera safuna a kan kanta, hagu da dama, baki ɗaya a daidaice.

"Yaya, bulonka lafiya lau yake."

Magini bai juyo ba. "Ka bar wannan maganar. Na gode."

"Ba lallashinka na zo yi ba. Ni ne. Shekara biyu ke nan ban zuba huɗu ba."

Hannun Magini ya tsaya a kan kanta. Ya juyo a hankali.

"Nawa?"

"Da shebur ɗin gawayi nake yi, a tule, da ƙari. Zai kai kilo tamanin. A tukunya ta uku ya wuce ɗari."

"Ɗari."

"Ya wuce."

"Lokacin da nake zagin masu bulo kana zaune kana cin abincinka."

"Ina zaune."

"Ranar da na ba ka takalmi fa?"

Mai Kanwa ya sunkuyar da kai. Ya zo ne a shirye ya sha zagi, ko mari ma, kuma da an mare shi da ya ji sauƙi. Amma Magini sai ya ja kujera ya zauna, ya ɗora hannuwansa a kan tebur yana kallonsu.

"Ka duba ta da kyau?"

"Layi goma sha ɗaya na bi da ruwan zarto. Ko wuri ɗaya bai shiga ba."

"Ko ɗaya."

"Ko ɗaya, Yaya. Ban taɓa ganin jeri mai kyaunsa ba."

Ya faɗi haka ne don ya faranta masa. Sai ya ga fuskar tsohon ta lalace.

"Kwana takwas da binne ta," in ji Magini. Muryarsa ba ta tashi ba. "Ka san abin da ban gaya wa kowa ba? Ranar da na shiga tukunyar nan hannuna bai yi rawa ba. Na fara jeri, layi ya riƙa haɗuwa, na kama kaina ina jin daɗi. Wajen awa biyu ban tuna da ita ba. Na fito na ce wane irin uba ne ni. Uwarta ko ruwa ba ta iya haɗiya, ni ina can ina sha'awar bulo." Ya share gemunsa da tafin hannu. "Da tukunyar ta fashe, wallahi wani abu ya sauka daga ƙirjina. Na ce ashe dai na ji mutuwarta, tunda har ta ɓata mini aiki. Da shi nake kwana nake tashi. Yanzu ka zo ka ce mini aikin ma ya yi kyau."

Mai Kanwa ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce, "Hannu daban, zuciya daban, Yaya."

"Kai za ka koya mini? Rufe mini baki."

Ya rufe. Wani ma'aikaci ya leƙo yana neman tabarau, ya ga fuskokinsu, ya ce zai dawo. Suka zauna haka har ƙararrawar komawa aiki ta buga. Sannan Magini ya miƙe, ya ɗauki makulli.

"Tashi."

"Ina za mu?"

"Wurin yarinyar nan. Da bakinka za ka faɗa, ina tsaye. Ba zan ƙare rayuwata ina jera safar hannu ba don kawai an yi maka fito."

Hanyar ofis ta tsakiyar masana'anta take bi. Magini na gaba, shi yana biye, duk masu injin zubi suna kallo. Injiniya ta saurare shi har ƙarshe, ta rubuta nauyin da ya faɗa, ta sa ya maimaita.

"Sau biyu na tambaye ka, Baba."

"Sau biyu, ranki ya daɗe."

"Na ga wuyan tukunyar nan tun ranar farko," ta ce, idonta a kan takardar. "Bai yi mini kama da laifin jeri ba. Amma dattawa biyu suka faɗa mini abu ɗaya, na ga ya fi sauƙi in yarda." Ta dubi Magini. "Ka yi haƙuri, Baba."

"Yaushe zan koma?" shi ne kawai abin da ya tambaya.

"Litinin."

Ba a kori Mai Kanwa ba. An sauke shi daga dandamali, aka ba wani sandar, aka kafa sikeli a gefen buhunan kanwa. Kafin yamma labari ya zaga. Waɗanda suka yi masa barka da arziki suka riƙa kau da kai in sun hango shi, wasu kuma suka riƙa gaishe shi da ladabin da ya wuce kima. Da aka tambayi Magini ko yana buƙatar ƙarin hannu, ya ce a ba shi Mai Kanwa. Ba wanda ya san ko jinƙai ne ko horo, shi kuma bai yi bayani ba.

Ranar Litinin suka sauka cikin tukunya mai lamba biyar, wadda aka ajiye don a sake mata wuya. A shekara ashirin da biyu Mai Kanwa bai taɓa shiga tukunya a tsaye ba, daga sama kawai ya san su. Ciki da duhu, da sauran ɗumi a bango, fitila ɗaya na rataye. Suka hau katakon da aka gitta daidai wuya. Magini ya matso da fitilar.

"Sa hannunka nan."

Ya sa. Ramin ya haɗiye yatsunsa huɗu har gindi. Ya bi shi da hannu, ya ga ya zagaye tukunyar kaf.

"Wannan ma naka ne."

"Nawa ne."

"Saura zubi nawa kake gani da ta yi?"

Mai Kanwa ya sake lalubawa. Tsakanin yatsansa da jikin ƙarfen bulon da ya rage bai kai kaurin tafin hannu ba.

"Biyu," ya ce. "Ko uku."

"Ɗaya," in ji Magini. Ya miƙa masa guduma da kurfi, ƙarfen sassaƙa. "Fasa shi. Daga dama za ka fara, kada ka taɓa mini layin ƙasa."

Ya karɓa. Bulon da kanwa ta ci ya haɗe ya yi tauri kamar dutse, hannunsa kuma bai saba ba. Magini ya zauna a ƙarshen katakon yana zaɓar sabon bulo, bai ƙara ce masa komai ba sai sau ɗaya, da ya ce ya sassauta, ba gaba yake yi da tukunyar ba. Layin farko ya kai shi har azahar.